Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ta Sama

Tsakanin filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato da filin jirgin sama na Maiduguri, wanda aka raɗa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, akwai tazarar kilomita 865 ko kusa da haka idan aka auna a miƙe, tazarar da jirgi mai injin jet zai cinye cikin sa'a ɗaya da kwata. Amma duk wanda ya ɗaura niyyar wannan tafiya a shekarun nan da yini yake lissafa ta, wani lokaci ma har da kwana a hanya, domin kamfanonin jiragen fasinja ba su saba haɗa biranen biyu kai tsaye ba, sai dai matafiyi ya gangara kudu zuwa Abuja, ya jira, sannan ya sake haurowa arewa maso gabas. Filayen biyu duka na shiyya ne, wato filayen da ke yi wa wani yanki hidima ta hanyar haɗa shi da manyan cibiyoyi, ko da yake kowannensu yana ɗauke da laƙabin filin ƙasa da ƙasa kuma yana da titin sauka mai tsawon kimanin mita 3,000 wanda manyan jirage ke iya amfani da shi.

Auna tazarar ba ta da wuya ga wanda ya san matsayin kowane fili a doron ƙasa. Filin Sakkwato yana dab da digiri 13 a arewa da Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, kuma digiri 5 da ɗoriya a gabas da layin Greenwich, shi kuwa na Maiduguri bai cika digiri 12 a arewa ba, amma ya ɗan haura digiri 13 a gabas. Bambancin da ke tsakaninsu daga yamma zuwa gabas ya kusa digiri 8 ke nan, kuma da yake kowane digiri a wannan sashe na duniya ya kai kimanin kilomita 109, sai a sami kilomita 856 a faɗi da wajen kilomita 117 daga arewa zuwa kudu, waɗanda idan aka haɗa su bisa ƙa'idar lissafi suke ba da wancan adadi na farko. Masana taswira suna kiran hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bisa ƙwallon duniya da sunan babbar da'ira, kuma a dogayen tafiye-tafiye irin na Legas zuwa Amurka lanƙwasar wannan hanya takan fito fili a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, amma a nan kusa da Ikwaita, a tazara gajeriya irin wannan, lanƙwasar ba ta wuce 'yan kilomita ba. Matuƙa jirgi kuwa ba da kilomita suke aiki ba, da mil na teku suke awo, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, don haka a takardunsu tazarar mil 467 ce.

Waɗannan digiri 8 suna da wani tasiri da mazauna biranen biyu suka sani. Rana takan ɗauki minti huɗu kafin ta ratsa digiri ɗaya, saboda haka tana fitowa a Yerwa, wato Maiduguri, kimanin rabin sa'a kafin ta fito a Birnin Shehu, wato Sakkwato, haka kuma take riga faɗuwa, alhali Nijeriya gaba ɗayanta agogo ɗaya take bi. Mai azumin da ya yi sahur a Sakkwato ya sha ruwa a Maiduguri ya sami ragin wajen minti talatin, wanda ya juyo kuma an ƙara masa, kuma wannan rabin sa'a yana da nauyi ga masu tsara jadawalin jirage, domin duhu yana riskar jirgin da ya nufi gabas da wuri.

Da za a ja zare a kan taswira daga wannan fili zuwa wancan, da an ga ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa kafin ya faɗa Barno. Yana barin fadamun Sakkwato sai ya bi ta arewa da Talata Mafara, inda madatsar ruwa ta Bakalori take, ya gifta kusa da Ƙauran Namoda, ya keta jihar Katsina, ya bi ta saman Dambatta, wato kimanin kilomita 50 kawai a arewa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, daga nan ya wuce ta kudu da Haɗeja, ya haye tsohon garin Katagum, ya bar Damaturu a hannun dama, ya sauka a yammacin Maiduguri. Duk tsawon wannan hanya ƙasa ɗaya ce a yanayi da tsiro, shimfiɗaɗɗiya mai gero da dawa da kuka da gawo, ba ta da wani tsauni da zai tilasta wa jirgi kaucewa, kuma filayen biyu kusan tsayi ɗaya suke, mita 300 da 'yan kai a bisa teku.

Ko da an sami jirgin da zai bi wannan zare, ba a samun tsawon tafiyar ta hanyar raba tazara da gudun jirgi kawai. Boeing 737 yana gudun da ya haura kilomita 800 a sa'a idan ya daidaita a sama, ƙaramin jet irin Embraer 145 mai kujeru 50 yana kusa da haka, jirgi mai farfela irin ATR 72 kuwa wajen kilomita 500 yake yi. To amma jirgi ba ya kai wannan gudu sai bayan ya shafe kusan minti ashirin yana hawa, kuma tun da sauran nisa yake fara gangarowa, domin ƙa'idar da matuƙa ke bi ita ce mil uku na teku ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko, ta yadda jirgin da ke ƙafa 33,000 zai fara sauka tun yana da saura kilomita 185. Lokacin da ake bugawa a tikiti ma ya fi wannan tsawo, saboda ana fara ƙirga shi ne daga sa'ar da aka zare weji, wato abin da ake tokare tayar jirgi da shi, har zuwa sa'ar da aka mayar da shi a ɗaya filin, ya haɗa ke nan da tafiyar jirgi a ƙasa zuwa bakin titi da jiran izini daga hasumiya. Wannan ne ya sa gajeriyar tafiya take da tsada a lokaci da mai: hawa da sauka da zagayen shiga layi kusan ɗaya ne ko tafiyar kilomita 400 ce ko ta 900.

Iska ma tana da nata rabo. Gudun jirgi a cikin iska daban, gudunsa a bisa ƙasa daban, domin iskar da yake ciki ita ma tafiya take yi. Idan, a misali, jirgi yana kilomita 800 a sa'a, iska mai gudun kilomita 60 tana tura shi ta baya, to 860 yake yi a bisa ƙasa, idan kuma ta gaba take tare shi ya koma 740, bambancin da zai kai minti goma a irin wannan tazara. Abin lura a arewacin Nijeriya shi ne iskar sama ba ta bin ta ƙasa. Da hunturu, lokacin da buji ke kaɗowa daga arewa maso gabas a doron ƙasa, can sama inda jirage ke tafiya iskar yamma ce ta fi rinjaye, sai mai zuwa Maiduguri ya ci riba. Da damina kuwa, lokacin da iskar ƙasa ke ɗauko danshi daga teku a kudu maso yamma, wata kakkarfar iska ce ke busowa daga gabas a can ƙololuwa, sai ribar ta koma ga mai zuwa Sakkwato.

Tafiyar da ake yi a zahiri tana farawa ne da fita daga birnin Sakkwato zuwa kudu, inda filin yake, kuma mai hankali yakan isa da sauran sa'a ɗaya da rabi ko biyu, ya miƙa kaya, ya karɓi takardar shiga, a bincika shi, sannan ya zauna jiran jirgin da, a mafi yawan lokuta, ba a Sakkwato ya kwana ba. Jiragen kamfanoni sukan kwana ne a Legas ko Abuja, inda injiniyoyi da ma'aikata da mai suke, su fito da safe su yi ta kai da kawowa, don haka jirgin da zai ɗauki fasinjan Sakkwato sai ya fara kawo wasu daga Abuja, kuma duk jinkirin da ya samu a zangonsa na farko yana biye da shi har dare. Daga Sakkwato zuwa filin Nnamdi Azikiwe kilomita 490 ne, tafiyar kimanin sa'a ɗaya, kuma wanda ya sami kujerar taga a ranar da sama ta washe zai ga ƙasa tana sauya launi a hankali yayin da jirgi ke ratsa yammacin Zamfara ya shiga jihar Neja: jan yashi yana ja da baya, dazuzzuka suna ƙara duhu, duwatsu suna ɓullowa ɗai-ɗai, tafkin Shiroro da ke kan kogin Kaduna ya bayyana, daga bisani kuma, idan hanyar shiga ta ranar ta bi ta wajen, a hango Dutsen Zuma.

A Abuja ne lissafin tafiyar ke kuɓuce wa matafiyi. A ƙasashen da kamfanoni ke da yarjejeniyar miƙa wa juna fasinja, mutum yakan sayi tikiti ɗaya, a ɗaura wa jakarsa alamar inda za shi, idan kuma jirgin farko ya makara alhakin sama masa wata kujera yana kan kamfani. A zirga-zirgar cikin gida ta Nijeriya irin wannan yarjejeniya ba ta kafu sosai ba, saboda haka mai zuwa Maiduguri daga Sakkwato tikiti biyu yake saye, sau da yawa daga kamfanoni biyu, ya ɗauki kayansa a Abuja, ya sake bin layi, a sake bincikarsa, kuma idan ya rasa jirgi na biyu kamfanin ba ya da masaniyar cewa daga wani jirgi ya sauko. Da yake jiragen da ke zuwa kowane ɗaya daga biranen biyu 'yan kaɗan ne a yini, babu tabbas cewa na Maiduguri zai tashi bayan na Sakkwato ya iso. Idan ya riga ya tafi da hantsi, babu makawa sai kwana, ga kuma tazarar kusan kilomita 40 tsakanin filin da tsakiyar birnin, ga kuɗin masauki da na mota da ba su shiga lissafin tikiti ba. Malaman jami'a da ke zuwa duba jarrabawa tsakanin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Maiduguri, waɗanda aka kafa su a shekara ɗaya, 1975, sun san wannan kwana sarai, haka ma ma'aikatan gwamnatin tarayya da 'yan kasuwa da masu zuwa gaisuwar rasuwa, waɗanda sau da yawa sai sadakar uku suke riska.

Zango na biyu ya fi tsawo, kilomita 710, kuma ya fi ban sha'awa ga mai kallo. Jirgi yana barin Abuja sai ya doshi tsaunukan Jos, inda tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika suke ƙyalli a tsakanin duwatsu, ya wuce ta saman Bauchi, ya haye kogin Gongola a wajajen Nafada, daga nan ƙasa ta sake shimfiɗewa ta koma launin da matafiyi ya baro a Sakkwato da safe. Maiduguri takan bayyana ne da duhun itatuwan darbejiya da aka jera a titunanta, da kogin Ngadda da ke ratsa ta, wanda ya yi mummunar ambaliya a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Filin yana gefen gari ta yamma, yana raba titi da sansanin sojojin sama, kuma a harabarsa akan ga fararen jirage masu saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kai ma'aikatan agaji garuruwan da mota ba ta isa cikin aminci. Idan aka haɗa zango biyun an yi kilomita 1,200, wato ƙarin kusan kashi 40 cikin 100 a kan miƙaƙƙiyar hanya, an shafe sa'a biyu da ɗoriya a sama, amma daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki da wuya a yi ƙasa da sa'a bakwai ko takwas ko da komai ya tafi daidai.

Dalilin wannan zagaye a aljihun kamfanoni yake, kuma ba a rasa gaskiya a cikinsa. Jirgi mai kujeru 120 zuwa 150 ba ya mayar da kuɗin mai da na ma'aikata da na gyara sai ya cika kaso mai yawa na kujerunsa, kuma masu son zuwa Maiduguri daga Sakkwato a rana ɗaya ba su kai wannan adadi ba, alhali masu zuwa Abuja daga kowane ɗayan biranen sun kai, saboda a can ma'aikatu da majalisa da ofisoshin jakadanci suke. Tsarin ya yi kama da na tashar mota, inda motar ƙauye ba ta samun lodin wani ƙauye mai nisa sai dai ta kai mutane babbar tasha su canza. Kusan duk abin da kamfanin jirgi ke kashewa, daga kayan gyara zuwa inshora da hayar jirgi, da dala ake biya, fasinja kuwa da naira yake sayen tikiti, sannan man jirgi, wanda kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku a 2022 har kamfanoni suka yi barazanar ajiye aiki, ya fi tsada a filayen Arewa domin a tanka ake kawo shi daga kudu. A irin wannan hali babu mai son gwada sabuwar hanya da kuɗinsa.

Abin da hujjar kamfanoni ba ta bayyana ba shi ne yadda aka yi cibiyar ta koma kudu, domin tsohuwar hanyar wannan yanki daga yamma zuwa gabas ta miƙe. Ita ce hanyar da wasiƙun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno suka bi suna muhawara a kan jihadi, ita ce ta fataken kanwa da goro, ita ce kuma ta mahajjata da ke fita ta Barno su ratsa Wadai da Darfur su kai gaɓar Bahar Maliya. Baturen nan Hugh Clapperton ya bar Kukawa ta Barno a tsakiyar Disamba 1823, abokin tafiyarsa Walter Oudney ya rasu a kusa da Katagum, shi kuwa ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu 1824, ya yi wata guda a can, sannan ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris. Wata uku ke nan a kan hanyar da ba ta yi nisa da zaren da aka ja a taswira ba, kuma Kano ce zangon tsakiya.

Jiragen sama na farko ma wannan hanya suka gada. A ƙarshen Oktoba 1925 jirage uku na sojojin saman Birtaniya, ƙirar DH.9A, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Sudan da Cadi, suka shigo ta Maiduguri, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano ta El Fasher da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri, kafin a miƙa ta zuwa Legas, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau sun bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. A wancan zamani Maiduguri ƙofar shiga ce, Kano kuma mahaɗar hanyoyin nahiya, inda jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke tsayawa shan mai.

Juyawar ta faro ne daga ƙasa. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne don fitar da gyaɗa da auduga da fata zuwa teku, sai layin ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, bai isa Maiduguri ba sai 1964, Sakkwato kuwa bai taɓa zuwa ba. Kowane reshe kudu yake kallo, babu wanda ya haɗa gabas da yamma. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya ɗan riƙe tsohon tsari da jiragensa na Fokker masu tsayawa gari-gari, domin gwamnati ce ke ɗaukar asarar hanyoyin da ba su da riba, amma bayan an buɗe fagen ga 'yan kasuwa a shekarun 1980, aka mayar da babban birnin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, kamfanin kuma ya durƙushe a 2003, sai mafi yawan biranen Arewa suka koma suna da hanya ɗaya tak ta sama mai tabbas, wadda ta nufi Abuja.

Alƙaluma kuwa suna goyon bayan Kano. Daga Sakkwato zuwa filin Malam Aminu Kano kilomita 375 ne, daga can zuwa Maiduguri kimanin 500, jimla 875, ƙarin da bai wuce kilomita goma ba a kan miƙaƙƙiyar hanya, inda Abuja ke ƙara fiye da 300. A Kano ne ɗaya daga cibiyoyi biyu na hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA take, kuma a taswirar matuƙa ta duniya sararin Nijeriya gaba ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi. Jirgin da ya dace da irin wannan hanya ƙarami ne, mai kujeru 50 zuwa 70, wanda zai tashi daga Sakkwato ya sauke wasu a Kano ya ɗauki wasu ya wuce, kuma kamfanin Rano Air da ya fara aiki daga Kano a 2023 da jiragen Embraer 145 ya nuna cewa akwai masu tunanin haka. Sai dai irin waɗannan gajerun hanyoyi sukan buɗe su rufe, fasinja kuma ba ya sabawa da hanyar da ba ya da tabbacin samunta mako mai zuwa. Wasu ƙasashe sun magance wannan da tallafi na musamman, kamar shirin da Amurka ta kafa a 1978 don kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi, da shirin UDAN na Indiya na 2016. A Nijeriya kuwa kuɗin jihohi ya fi tafiya wajen gina sababbin filaye, wanda shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi kuma ya fi ɗaukar hoto.

Yanayi yana ƙara nasa jinkiri, kuma biranen biyu suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana shi. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Cadi, ta baza ta a kan Arewa, kuma Maiduguri ce ke fara karɓa. Idan hazo ya yi kauri har nisan gani ya gaza abin da doka ta gindaya wa filin, matuƙi ba ya da izinin sauka, sai ya jira a Abuja ko ya juya. Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa bakin titi da siginar rediyo tana rage wannan matsala gwargwadon darajarta da kuma horon matuƙi, amma ba ta kawar da ita. Hazo yakan ɗan yaye da rana, sai dai filaye da yawa a Nijeriya ba sa karɓar jiragen fasinja bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin sa'a uku yana iya zama sokewa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska takan yi sako-sako ta rage wa fiffike da inji ƙarfi, har a tilasta wa jirgi rage nauyi. Da damina kuwa hadari ne, wanda ake kauce masa da nisan kilomita masu yawa, kuma mutanen Sakkwato ba za su manta da 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi cikin iska mai juyawa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido.

Dogaro da cibiya ɗaya yana da wani rauni da aka gani a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja mako shida daga watan Maris don gyaran titinsa tilo, aka karkata jirage zuwa Kaduna, fasinjoji suka riƙa ƙarasa tafiya a mota da jirgin ƙasa. Ita ma Maiduguri ta zauna ba jirgin fasinja bayan harin da Boko Haram ta kai sansanin sojojin sama a Disamba 2013, har zuwa tsakiyar 2015. Duk da haka mutane suna haƙuri da zagayen Abuja, domin hanyar mota, wadda ta haura kilomita 1,000 ta Gusau da Funtuwa da Kano da Azare da Potiskum da Damaturu, ba ta tafiyuwa a yini ɗaya kamar da: ɓangaren Zamfara ba a bin sa da dare saboda 'yan bindiga, ɓangaren Damaturu zuwa Maiduguri kuma sai an shiga gari kafin a rufe ƙofa da yamma, kuma a garin Auno, a Fabrairu 2020, an kashe matafiya aƙalla 30 da dare ya riska a wajen ƙofar.

Lokaci ɗaya ne a shekara filayen biyu ke cika sunansu na ƙasa da ƙasa, wato lokacin aikin Hajji, sa'ar da manyan jirage masu ɗaukar ɗaruruwan maniyyata ke tashi daga kowannensu kai tsaye zuwa Jidda ko Madina. Daga Sakkwato zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, tafiyar sa'a biyar ko kusa da haka, wato alhajin da ya tashi da safe yana iya sauka a Hijaz tun kafin maƙwabcinsa mai zuwa Maiduguri ya bar ɗakin jira a Abuja. Wannan hanya ma ta tsawaita tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, domin tilas jiragen alhazai suka riƙa kewaye ƙasar, abin da ya ƙara sa'o'i a kan tafiyar, ya kuma sa kamfanonin jigilar suka nemi ƙarin kuɗin kujera a hajjin waccan shekara ta 2023.